Takardar Harajin Baba

Ni na je da ƙafata na roƙa a cire Baba daga haraji, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Baba yana wani ƙauye kusa da Kalgo, inda yake noman shinkafa a fadama, ni kuma ina Gwandu da iyalina. Ƙarfinsa ya ƙare, idonsa ya yi hazo. Da masu ƙidayar haraji suka zo, na durƙusa gaban mai gari na ce tsohon nan ko kalme ba ya iya ɗagawa, balle ya yi noma. Aka ja layi a kan sunansa. Na dawo gida ina ta ba mutane labari, wai ni ga ɗa na gari.

Damina biyu bayan haka kututture ya yanke shi a ƙwauri. Ciwon ya zama gyambo. Na ɗauko shi a jaki na kawo shi wurina. Mun yi na gida har mun gaji: an daka ganye, an barbaɗa garin sassaƙe, an yi tofi. Gyambon sai faɗi yake yi, har ya kai tafin hannuna. Warinsa yana hana matata cin tuwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Akwai ɗakin shan magani na hukuma a wani gari ba nisa da mu. Malamin asibiti guda ne a ciki, yana da wata hoda da yake zuba wa gyambo, ya naɗe da farin bandeji, kuma kyauta ne. Na kai Baba da hantsi. Malamin ya duƙa ya duba ƙafar, ya ce in ba a riƙa sa hodar kullum ba ciwon zai kai ƙashi. Sannan ya buɗe littafinsa.

"Ina takardar harajinsa?"

Na ce, "Malam, an yahe mashi. Tsoho ne."

Ya ce, "Kayan nan da kuɗin haraji aka saye su. Wanda ba shi da takarda ban iya rubuta shi. In mai duba littahi ya zo, mi zan ce mashi?"

Na ce to ya sayar mini, in sayar da ragona in biya. Ya ce ba na sayarwa ba ne. Ba mugu ba ne, tsoron aikinsa yake yi. Ya wanke ƙafar da ruwan ɗumi, ya ce in je inda aka cire sunan in karɓo shaida.

Kwana biyu na yi a hanya kafin in kai ƙasar Kalgo, ruwa yana dukana, jakin yana cijewa a laka. Na sami malamin haraji na yi masa bayani. Ya ce takarda ta wanda ya biya ce, wanda bai biya ba takardar me za a ba shi? Na ce to ya mai da sunan, in biya yanzu, ko ninki biyu ne. Ya ce littafi ya rufe sai ƙidaya mai zuwa, bayan kaka. Ya ƙura mini ido ya ce, "Ba kai ne ka zo kana roƙo a cire shi ba?" Ni ne. Na kwance jakina.

Da na dawo na tarar ƙafar ta kumbura har gwiwa. Na zaro tawa takardar na koma wurin malamin asibiti, na ajiye masa. Ya ce, "Wannan taka ce. Kai ne ba ka da lahiya?"

Maganar nan ta bi ni har gona. Washegari da safe na shiga cikin gero inda ba mai ganina, na ɗaga wando, na yi bisimilla, na sa lauje a ƙwaurina. Ban ji zafi ba sai da na ga jinin.

Malamin ya wanke, ya zuba hoda, ya naɗe, ya rubuta sunana. Ina isa gida na laɓe bayan rumbu na warware bandejin, na kankare hodar a ganye, na kai wa Baba ita da bandejin. Na ce masa an sami takarda. Nawa ciwon na ɗaure da tsumma. Haka muka yi kwana tara. Warin ya ragu, bakin gyambon ya fara ja, Baba har ya nemi fura da kansa.

Amma jikin mai ƙuruciya ba ya jin roƙo. Ran na goma malamin ya duba ƙafata ya yi murmushi, ya ce, "Alhamdu lillahi, ka warke. Ba sai ka dawo ba." Na yi masa godiya. A hanya na yi kuka irin wanda ban taɓa yi ba tun da na yi gemu.

Na shiga gida na nufi inda laujen yake rataye. Baba yana kwance a inuwar rumbu. Da ya ji ƙarar ƙarfen sai ya ce, "Aje shi."

Na ce ciyawa zan yanko wa rago.

Ya ce, "Idona ne ya tahi, ba hankalina ba. Kullum ƙyallen nan da ɗumi yake zuwa, da jinin da ba nawa ba. Kuma ina jin yadda kake taka ƙasa." Sannan ya ce, "Ƙafa guda ta ishi gidan nan asara. In ka gurgunce, wa zai noma ma yaran? In ka sake, ban yahe ba."

Na roƙe shi, na kama ƙafarsa mai lafiyar na roƙe shi. Ya juya fuskarsa ga bango. Na rataye laujen. Muka koma wanke tsohon bandejin muna shanyawa, har ya zama zare. Baba ya rasu kafin a yanke gero.

Bayan kaka wani mai sayar da busasshen kifi daga Kalgo ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce malamin haraji ne ya aiko shi. An buɗe littafi, in zo a mai da sunan Baba.