Kwalbar da Ba a Ba Lamba Ba

Shekara goma sha tara Gwaggo tana sharar ɗakin yara na asibiti kafin a ba ta aikin da ya sa mata suna. Likitoci ne suka ce ana son sanin yara nawa ƙwayar cutar zawo ke kwantarwa, don hukuma ta duba ko za ta sayo rigakafinta. Sanin kuwa ba ya yiwuwa sai da kashin yaro a 'yar kwalba. Ma'aikata suka yi ta kallon juna ana yatsine fuska, Gwaggo ta ce a ba ta. Tun ranar aka koma kiranta Mai Kwalba.

Aikin yana da ƙa'ida: yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, wanda aka ba gado, a ɗebi cokali guda cikin kwana biyu, a manna lamba, a sa a firij. Faɗanta kullum da iyaye mata ne, masu rige-rigen wanke tsumma. "Tsabtarki ta cuce ni, 'yar nan," take cewa. "Gobe ki bar min kayana." Sai a yi dariya, har da wadda idonta ya kumbura da kuka.

Kafin ta cika kwalba ɗari uku ido ya buɗe. Ta tsunguli fatar ciki, ta taɓa maɗiga, ta faɗi wanda zai tashi, kuma ba ta cika yin kuskure ba. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ba a faɗi abin da rabin sani ke yi ba.

Wata rana 'yarta ta shigo mata gida da jikarta mai wata tara, tana zawo da amai.

"Inna, mu tafi asibiti."

"Asibitin ba ni ba ce? Na ga waɗanda suka fi wannan sun tashi."

Ta haɗa ruwan gishiri da sukari tana ba ta da cokali, yarinya tana dawo da shi. Washegari uwar ta sake roƙo. Gwaggo ta tsunguli fata, ta ce a ƙara kwana ɗaya. Da safen kwana na uku ta tsungula, fatar ta tsaya cak ba ta koma ba. Nan ne tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba a kan ɗan wani. Duk da haka hannu ya saba: sai da ta ɗebi cokali guda a kwalba ta jefa a jaka, sannan suka fita.

A kan bencin yankar kati yarinyar ta cika.

Gwaggo ba ta yi kuka ba. Ta wuce ɗakin yara, ta miƙa wa babbar nas kwalbar.

"Sista, ki ba ta lamba."

"Gwaggo, kin fi ni sanin ƙa'ida. Ba a ba ta gado ba."

"Zawon nan ne ya kashe ta. In ba a ƙirga ta ba, wa zai sani?"

Sista ta sunkuyar da kai. "Da jiya kuka zo..." Sai ta hango uwar yarinyar a bakin ƙofa, rungume da gawar cikin zane.

"Jiya na ce mu zo, Inna," in ji 'yar. "Shekaranjiya ma na ce."