Ƙwanƙwasar Yaya Hajo a ƙarƙashin ruwa

Jiya a wajen biki a Bodinga aka harba bindigar toka, na ɗauki jakata na fice. Wai girman kai ne. To ku ji.

Ina yarinya, zamanin siyasar Jamhuriya ta Biyu, motar hayar da muke ciki da Inna ta zame cikin tafki a hanyar Dandin Mahe. Kowa ya fito ban da yayata Hajo. Ruwan damina ne, ja wur, ba a ganin inda motar ta kwanta.

Wani masunci ya shiga kwalekwale, ya tsoma filafilinsa a ruwa, ya kafa kunne a kan mariƙin, ko zai ji Hajo tana bugun ƙarfen motar. Da ya fara jin wani abu, sai daram! 'Yan tarbar ɗan takara ne a bakin hanya suke ta harbi.

Inna ta tafi babu mayafi, ta cafke bakin bindigar babbansu.

"Haba Inna, Alhaji na tahe!" in ji shi.

"Alhajin kurma na, sai da harbi shika sanin ya iso? Ɗiyata na cikin ruwa. Ku yi kurum!"

Suka yi tsit. Masuncin ya ɗaga hannu, ya nuna gabas, ya faɗa ruwa. Aka fiddo Hajo da rai, awarwaronta ya lanƙwashe saboda bugun rufin mota.

Har gobe ina jin haushin mutanen nan. Ku gaya mini, wa muke kasa ji yau saboda hayaniyar tarbar manya?