Jinjina ga Telan da Ke Yi wa Majinyata Kati

Da ya buɗe shago da safe, kafin ya taɓa keke, Baba Tela duƙawa yake ya tsince ƙyallayen jiya. Abin da sauran teloli ke sharewa su kai bola, shi buhu guda ya ware masa. Mai takalma na gefensa kuma yana ajiye masa kwalaye. In aiki ya lafa, ya yanka kwali, ya ninka biyu, ya shafa gam, ya manna ƙyalle. A ciki ya rubuta, "Muna tare da kai." Matan wata ƙungiya masu ziyarar asibiti su zo su kwasa kyauta, su raba wa marasa lafiya.

Tambaya ɗaya yake musu: "Na kwancen nan, mece ce sana'arsa?" Direba ya samu motar ƙyalle a katinsa, mai kitso ta samu mataji. A cewarsa, in mutum ya daɗe a gado, mantawa yake shi wane ne.

Matarsa kan ce, "Malam, masu ɗinki na jira, kai kana wasan yara."

"Su jira. Su ai da ƙafarsu suka zo."

Akwai wani magini da ya faɗo daga saman gini ya karye a cinya. An yi aiki, ƙashi ya haɗe, amma mutumin ya juya wa bango fuska. Likita bai ɓoye wa matarsa ba: in bai fara takawa ba, ƙafar za ta sandare, shi da gini kuma sai kallo. Ta yi lallashi, yayansa ya yi faɗa, duk a banza.

Sai kati ya iso da gidan ƙyalle a kai. Magini ya kalla da wutsiyar ido, ya sake kallo.

"Wa ya yi wannan?"

Matarsa ta ce, "Wai wani tsoho ne tela."

"Katangar nan a karkace take. Ruwan farko zai kwantar da ita."

Matan ƙungiya suka kai saƙo. Baba Tela ya yi wani gidan ya aika. Wannan karon taga ta fi ƙofa girma.

Magini ya tashi zaune. "Wai raina ni yake yi?"

Amsa ta dawo: "Ku ce masa ni tela ne. In ya iya, ya tako ya nuna mini."

Da fushi ya karɓi sandar dogarawa. Ma'aikatan jinya shaida ne, yana takawa yana mita. Ranar da ya iso shagon, Baba Tela ya tura masa kujera.

"Zauna, ɗana. Ya ƙafar?"

"Ƙafa lafiya lau, Baba. Gininka ne ba lafiya."

Yau maginin yana kan gini.

Baba, kai ne ka tashi mutum daga gado da ragowar atamfa. Uban majinyata, ba allura ba ƙwaya. An tambaye ka ko da gangan ka karkata katangar, ka ce tsufan ido ne. Ni dai ban yarda ba. Yanzu idon ya raunana da gaske, ka bar wa ɗanka keke, amma ba ka ajiye almakashi ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ƙara wa hannun nan ƙarfi.

Mu kuma masu cewa ba mu da abin bayarwa, mu daina yaudarar kanmu. Kwali na nan, ƙyalle na nan, asibiti a cike yake. A yanka, a manna, a kai. In bai yi kyau ba ma, a kai.