Yashin da Ya Rage a Tukunya

Kakarmu Dije ba ta taɓa ba mu tatsuniya hannu sake ba. Da an idar da sallar magariba a ƙauyenmu, can gaba da Kurya Madaro, sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno gefen murhu, ta jera tukwanenta na alminiyam, da kaskon yashi da toka, da ƙwaryar ruwa. Bakinta na labari, hannunta na cuɗa. Ni da ƙanena Sani mukan zauna dab da garwashi. Shi yana maƙale da zanenta, ni kuma ina cika baki cewa ba na tsoro, alhali ban yarda ƙafata ta wuce inda hasken wuta ya tsaya ba. Ni take tsokana da sunan mijin da ba ya cefane. Sani kuwa ɗan lelenta ne, ko shi ya yi laifi kunnena ake ja.

Tana da tatsuniyoyin ban dariya da yawa, amma akwai ɗaya da ba ma so, ita kuwa ita ta fi so. In ta ce, "Ga ta nan tahe, ku matso," muka amsa, sannan muka ji ta sassauta murya, mun san ta matar bakin gulbi ce.

Wai wata mata ce ta je wanki da ɗanta, Dodon gulbi ya fito ya ɗauke yaron. Ta yi kuka, ta yi magiya, sai Dodo ya ce zai mayar mata da shi in ta dafa masa wake a tukunyar da zai ga fuskarsa a jikinta, kafin rana ta faɗi. Tukunyarta kuwa baƙa ce ƙirin. Ta ɗebi yashi ta yi ta cuɗa har fatar hannunta ta saɓule, tukunya ta yi fes. Da ta ɗaga kai ta ga rana ta yi ja, sai ta kakkaɓe tukunyar da bakin zane kawai, ta zuba wake. Dodo ya zo ya ga fuskarsa, ya yi murna, ya zauna ci da yaron a gefensa. A nan Kaka takan dakatar da hannunta.

"Loma ta ƙarshe," in ji ta, "sai yaj ji ƙaras ga haƙori. Yad dubi matar, yak kama yaron, sunka nutse."

Shi ke nan. Wai har yau matar tana bakin gulbi tana cuɗar tukunya. Sani yakan fashe da kuka, ya roƙe ta ta sake ƙarshen, ta ce yaron ya dawo. Ba ta taɓa yarda ba. Sai ta tsoma tukunyarta a ruwa, ta zubar, ta sake, ta sake na uku, ta zagaya cikinta da yatsa, sannan ta ce mu tashi mu yi alwalar isha'i. A lokacin haushinta nake ji, ina ganin mugunta ce irin ta tsofaffi.

Da na girma na zama bakanike a Kaura Namoda, kuma aikina bai yi nisa da na Kaka ba. Ina wanke kayan injin babur da yashi, sai dai ni iskar kwampireso ke feso mini shi. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, ba ya son yashi mai kaushi, sai an tankaɗe. Kafin a fesa, ana toshe duk 'yan ramukan da baƙin mai ke bi. Bayan an gama a hura iska, a wanke da kananzir, a wanke da ruwan sabulu, a sake hurawa. Ƙwayar yashi kaɗan in ta ɓuya a hanyar mai, ita za ta ci injin daga ciki. Duk wannan na sani, har koya wa mutane nake yi.

Da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, duk muka dawo Kaura, ban da Kaka. Ta ce ita ba ta barin ɗakin da mijinta ya gina. Wata Laraba da safe aka bugo waya cewa an ba ƙauyen wa'adi, duk wanda ya kai Juma'a a ciki ya kuka da kansa. Sani ɗan kabu-kabu ne, ya san hanyoyin gona, shi ya ce zai ɗauko ta. Amma babur ɗinsa yana zafi, laka da ƙonannen mai sun toshe haƙarƙarin kan injin, ciki kuma duk baƙin gawayi. Na ce ba zai shiga wannan hanya da shi haka ba. Na kwance injin da hannuna.

Sani yana tsaye a kaina, yana duba rana yana duba waya. Ya ce bayan la'asar ba mai bin hanyar sai wanda ya gaji da ransa.

"Yaya, don Allah ka haɗa min shi hakanan. Tsohuwa na can ita ɗai."

Na fesa yashi, ƙarfe ya fito fari tas. Na hura iska sau ɗaya, na goge da tsumma, na haɗa. Bugu ɗaya ya tashi. Sani ya yi dariya ya ce ya zama sabo, ya tafi kafin azahar.

Ina share teburin aiki na ga 'yan tsummokaran da na yayyaga don toshe ramukan mai. Suna nan a jere yadda na ajiye su, ko ɗaya ban saka ba. Na kira wayarsa, ya riga ya shiga inda ba sabis. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. Na zauna bakin titi ina gaya wa kaina cewa iskar da na hura ta isa, tafiyar ai ba nisa, inji yana iya jurewa. La'asar ta yi, ta wuce. Duk ƙarar babur da na ji sai na miƙe.

Dab da magariba wani manomi ya shigo da amalanken shanu, Kaka na zaune a kai ita kaɗai da ƙullin kayanta. Ta ce a dawowa injin ya fara kuka, sannan ya tsaya cak a tsakiyar gonakin dawa. Sani ya buɗe wurin mai yana dubawa, sai suka jiyo baburan 'yan bindiga daga nesa. Ya goya ta ya kai ta cikin dawa, ya ce kar ta motsa, ya koma kan hanya don kada su shiga neman mai babur. Tana kwance tana jin muryarsa har suka tafi da shi.

Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da aka watse ta kira ni, ta kama hannuna, ta murza yatsunta biyu a tafina. Akwai sauran baƙin mai a jikinsu, kuma na ji abin da ta ji: ɓurɓushin yashi.

"Na taɓa man nan," ta ce a hankali. "Ba ka ɗauraye ba."

Ba ta sake faɗa ba, ba ta gaya wa kowa ba har ta rasu. 'Yan bindigar sun kira mu sau biyu, mun ji muryar Sani, daga nan layin ya daina shiga.

Na daɗe ina zaton tatsuniyar kan gaggawa take, irin ta sauri ya haifi nawa. Yanzu na san matar nan ba raguwa ba ce, son ɗanta ne ya sa ta sauri, kuma yashi bai san da wannan ba. Shi ya sa Kaka ta ƙi yi mana ƙarya ko a tatsuniya. Har yau ina wannan sana'a, ina ɗauraya sau uku ko mai babur zai zage ni. 'Yar Sani a gidana take, kuma ita ma ta matar bakin gulbi take nema da magariba. In na kai ƙarshe sai ta riƙe rigata ta ce, "Baba, ka ce ya dawo." Ban taɓa faɗa mata haka ba, sai dai in ce ta tashi mu yi alwalar isha'i.