Baƙin Gilashin da Ya Ɓoye Mama

A shekarun da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, ni direba ne a gidan wani sabon ɗan majalisa a Narayi. Kafin nan motar ma'aikata nake ja a Kudenda, wata akwala da sai an tura take tashi. Ranar da Oga ya miƙa mini makullin sabuwar jif ɗinsa kaina ya kumbura, har gaisuwar tsofaffin abokan aikina na koma amsawa da hanci. Motar kuwa ta isa a yi taƙama da ita. Tayoyinta huɗu duk suna ja, ita ke canza wa kanta giya, laka da kwalta duk ɗaya ne a wurinta. Kujerun fata ne, gilasan baya baƙaƙe wuluk, kana fara tafiya ƙofofi su kulle kansu. Abin da ya fi burge ni shi ne shirun cikinta. Oga ya kafa mini doka cewa kada in sauke gilashi don masu ɗaga hannu, domin lokacin duk inda motar ɗan siyasa ta bi sai matasa sun tare ta da kirari suna neman na shan ruwa. Na riƙe dokar nan har ta zame mini jiki.

Wata Asabar da damina aka ce in kai mahaifiyar Oga, wadda muke kira Mama, taron zumuntar mata a Unguwar Boro. Tsohuwa ce mai tsoron mota, takan ɗaura bel tun kafin in tada inji, kuma ɗana take ce mini. An kwana ana ruwa, amma don in nuna gwaninta na bar titi na yanke ta wata hanyar ƙasa mai kwalbati. Muka tarar rafi ya shafe hanyar, ruwan jajawur, yana tafiya a hankali. 'Yan acaɓa sun yi cirko-cirko a bakinsa suna ɗaga mini hannu. Ina ganin bakunansu na buɗewa suna rufewa, ba na jin komai sai waƙar coci da na sa wa Mama a kaset. Ta ce in sauke gilashi mu ji, don fuskokin nan ba na masu roƙo ba ne. Na yi dariya, na ce mata 'yan maula ne, kuma irin wannan hanya aka ƙera motar dominta. Na kutsa da motar cikin ruwan.

Ashe kwalbatin ya tafi tun da safe. Gaban motar ya nutsa a hankali, tayoyin nan huɗu suna ta juyawa ba ƙasar da za su kama. Inji ya mutu. Na danna maɓallin gilashi, shiru; na ja ƙofa, a kulle. Sai kujerata ta fara matsawa gaba da kanta tana danna ni jikin sitiyari, fitilu suna kunnuwa suna mutuwa, waƙar ta koma wata murya mai kauri kafin ta ɗauke. Ruwan sanyi ya hau gwiwata, ya hau ƙirjina. Mama ba ta yi ihu ba, addu'a kawai nake jin tana yi ƙasa-ƙasa.

Mutanen da na yi wa dariya su suka shigo riƙe da igiya, suka fasa gilashina da dutse suka jawo ni waje. Na sha ruwa, ina ta amai, ina nuna motar da hannu, su kuma suna ba ni haƙuri wai mota ce kawai, Allah zai mayar da wata. Baƙin gilashi ya hana su ganin akwai mutum a baya. Kafin muryata ta fito, rufin motar kaɗai ake gani. Da aka kai ga Mama ta riga ta cika, bel ɗinta na ɗaure, hannayenta a haɗe. Wanda ya fasa gilashin ya zauna a laka yana kuka, yana cewa da ya san tana ciki da ita zai fara.

Oga bai kai ni ƙara ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Na gane ƙarfin mota ba ya sa direba ya san hanya fiye da masu binta kullum. 'Yan'uwana direbobi, in kun ga mutane sun tsaya suna ɗaga muku hannu, ku sauke gilashi ku saurara, ko da roƙo ne. Mama ta gaya mini haka da bakinta, ni kuma na yi mata dariya.