Hannun Hagu da Kwanon Yumɓu

'Yata ta fari bahaguwa ce. Tun tana rarrafe, duk abin da aka miƙa mata da hagu take cafkewa. Abin bai zama magana ba sai da uwar mijina ta taso daga Bilbis ta dawo zama wurinmu a Sabon Garin Gusau, lokacin yarinyar ta isa shiga makaranta.

Inna, haka muke kiranta, ba muguwa ba ce. Ita ke yi wa jikarta kitso, ita ke ɓoye mata ƙanzo. Amma a wurinta aikin hagu ɗaya ne, tsarki a bayan gida. Ranar da ta fara ganin yarinyar ta kai hagu cikin kwanon tuwo, salati ta saka kamar an aiko da mutuwa.

"Wagga ɗiya haka kunka bar ta? Wa za ya amsar abu hannunta in ta girma?"

Daga nan ludayi ya fara aiki. Ba duka mai zafi ba ne, ƙwas ɗaya a bayan hannu. Ta ɗauki cokali, ƙwas. Ta ɗauki takalmi, ƙwas. Wata rana ma Inna ta naɗe hannun da tsohon kallabi ta ɗaure. Raina yana ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma 'yar fari ce. Ko sunanta ba na kira, balle in buɗe baki in tare mata a gaban uwar miji. Uban kuwa direba ne tsakanin Gusau da Tsafe, sai magariba yake shigowa ya tarar da gida shiru, ya ce lafiya lau.

Dabarar ta ci, sai dai ta zarce inda aka nufa. Yarinya ta bar ɗaukar abu da hagu, ta kuma bar ɗauka da dama. Ta koma yawo da hannuwa a baya kamar dattijo mai duba gona. In ka miƙa mata ƙosai sai ta tsaya tana kallonsa, sai an kai mata baki.

A bayan layinmu akwai coci mai makarantar ƙananan yara. 'Ya'yan unguwa, Musulmi da Kirista, can suke zuwa da safe, namu su wuce Islamiyya da yamma. Na sa ta don kusa ce, kuma ina da nawa lissafin: in aka ɗora mata littafi da fensir, dole hannun ya fito.

Ina! Ashe makarantar nan wasa ake yi. An zube yashi a tsakar gida, ga tsofaffin tayoyi, ga marafan kwalba cike da gwangwani, ga baho na ruwa, ga kwanon yumɓu. 'Ya'yan maƙwabta su dawo buɗu-buɗu kamar an tono su, tawa ta dawo fes yadda na kai ta. Fes ɗin nan ne ya hana ni sukuni.

Na tafi da faɗa a bakina. Shugabar makarantar wata dattijuwa ce 'yar Kudancin Kaduna, yara na ce mata Anti.

"Malama, wai yaushe za a fara karatun ne? In yashi ne ai muna da shi a gida."

Ta yi dariya, abin da ya ƙara ƙular da ni.

"Mama, karatun ke nan kike gani. Wancan mai jera marafai lissafi yake yi, bai ma sani ba. Zo ki ga taki."

Tana tsaye gefen kwanon yumɓu, yara na cuɗawa, ita hannuwanta a baya.

"Wa ke dukan hannunta?" in ji Anti.

Na ce babu kowa. Ta dube ni.

"Ba za mu ba ta fensir ba tukuna. Fensir hannu ɗaya yake so, za ta tsaya tunanin wanne. Yumɓu kuwa ba ya cuɗuwa sai da biyu."

Na fito ina tsaki, amma ban cire ta ba.

Daga baya na ga yadda suke yi. Ba mai ce mata ɗauki. Anti takan zauna kusa da ita tana murza yumɓu, tana ƙorafi ita kaɗai, wai ya fi ƙarfinta, wai da za a samu mai danna mata nan. Ta yi haka ta tashi, gobe ta sake. Aka daɗe ana wannan, har na cire rai. Sai wata rana yarinya ta dawo da laka a ƙarƙashin farce, gaban rigarta duk ya ɓaci. Na yi murna ƙwarai. Na wanke rigar da sauri ban gaya wa kowa ba. A gida dai hannuwa suna nan a baya.

Lokacin ina da ciki na biyu. Wata rana Inna ta raka ni awo, muka dawo daidai tashin yara, na ce mu biya mu ɗauke ta. Inna ba ta taɓa taka harabar coci ba. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofa tana gyara mayafi, sannan ta biyo ni.

Ta taga muka hango ta. Tana zaune dirshan a ƙasa, ta riƙe saniyar yumɓu da dama, hagu na murza mata ƙaho. Baki kuwa ba ya rufuwa, tana yi wa wata yarinya tsiwa wai tata saniyar ba ta da wutsiya. Na manta rabon da in ji muryarta haka.

Inna ta washe baki. "Kai, ku ga saniya har da tozo!"

Yarinyar ta ɗaga kai. Saniyar ta faɗi ta baje. Kafin ka ce me, ta miƙe tsaye, hannuwa sun koma baya, ido a ƙasa. Anti ta zo ta gaishe da Inna har da rusunawa, ta kwashe yumɓun.

Muka kama hanya, yarinyar a gaba, shatin yatsunta na laka a bayan riga. Sai da muka shiga layinmu Inna ta yi magana, ba ta dube ni ba.

"Ni taka ɓoye ma hannu?"

"Ke, Inna."

Ban taɓa ba ta amsa kai tsaye irin wannan ba. Na jira faɗa, bai zo ba.

Inna ba ta sake taɓa hannun nan ba. Yarinyar ta koyi cin abinci da dama, ba wanda ya matsa mata, rubutu kuwa da hagu take yi, kuma yana da kyau. Yanzu tana firamare. Inna na nan tare da mu, ita ke yi mata kitso har gobe. Sai dai in tana rubutu Inna ta shigo ɗaki, takan ajiye biro ta jira ta fita. Inna ta lura. Da ta ga an buɗe jakar makaranta sai ta ɗauki tire ta fita tsakar gida tsintar shinkafa, ko da an riga an tsince.