Gado Planto da bushon giya

Gado Planto mutum ne mai ƙyama. Duk unguwar Zariya ta Maraɗi an san in ya gaisa da kai sai ya goge hannu a bayan rigarsa, wai zufa. Shekara talatin ya yi yana aikin planto, wato masinja, yana kai takardun ofishin noma daga Maraɗi zuwa Tibiri da Jiratawa, a kan wani baƙin babur da Baturen ofishin ya bar masa ranar da zai koma gida. Babur ɗin ya girmi duk 'ya'yansa, ga nauyi kamar bijimi, in ya tashi sai kajin unguwa sun hau katanga. Da dimokuraɗiyya ta zo, Gado ya ƙara samun abin yamutsa fuska: tutar jam'iyya a kowace bishiya, yajin aiki yau, yajin aiki gobe, ga ƙananan babura masu kukan sauro sun cika gari.

"Kayan kwali," in ji shi, "su da masu hawansu."

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, kulocin babur ya mutu. Inji na ruri, taya ba ta motsi. Ya kai wa Jibo bakanike a Sabon Gari, aka gyara, kwana uku ya sake mutuwa a hanyar Jiratawa, Gado ya turo shi gida yana tsaki. Wata biyar babur yana zaure yana ɗigar baƙin mai, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Saudatu matarsa kuwa ƙuli-ƙuli take yi, zauren take so ta kafa tebur. Ran Litinin ta kirawo Tanimu mai zubin tukwane. Ya ƙwanƙwasa injin da yatsa, ya kasa kunne kamar mai zaɓen kankana.

"Inna, tukunya shida za a samu nan, har da ludayi."

"Malam, ka ji," ta ce wa Gado. "Juma'a. In bai hita da ƙahwarshi ba, Tanimu ya hidda shi da amalanke."

Gado ya tashi ya nufi zaure. Ya shimfiɗa tabarma, ya kwance murfin kulocin da kansa, yana jera notuna a faranti. Man da ya zubo kamar miyar kukar da ta kwana uku. Da ya zaro faifayen, sai ya ga aikin Jibo: tsohon silifa ya yanka ya manna da gam, har da gurbin diddigen mai shi a jiki. Gado ya tofar da yawu sau biyu. Ashe kwana uku ya yi yana yawo a kan dauɗar ƙafar wani.

Shi ya san abin da ya kamata, don ya taɓa ganin Bature ya yi. Kowane faifai yana da ramuka a zagaye, bushon ake cusawa a ciki, wato itacen nan mai laushi da ake toshe kwalba da shi, shi ne ke kamawa in an saki hannu. Ya zaga kasuwa kaf, babu. Kwalbar lemo marfin ƙarfe gare ta. Wuri ɗaya ya rage, jujin bayan otel ɗin da manyan jam'iyyu ke cin abinci da baƙinsu, inda ake zubar da kwalaben giya.

Ran Laraba ya naɗe hanci da rawani ya tafi. Lawali mai gadin otel ya hango shi tsugune cikin ƙudaje da kawunan kifi, yana tono da tsinke.

"A'a! Baba Gado, kai ne? Ashe an fara?"

"Rufe mani baki, ɗan banza."

"Ai da ka shigo ta gaba, Baba, akwai kujera."

Haka ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jan baki kamar ya ci goro, ya ƙulle a leda uku, ya riƙo su nesa da jiki har gida.

Bushon ba ya shiga rami sai an dafa shi ya yi laushi. Ran Alhamis Saudatu ta tafi suna Tibiri, sai Gado ya ɗauki tukunyar miyarta. Da ruwa ya tafasa, wani tsami ya tashi, ya cika gidan, ya haura katanga. Maijidda maƙwabciyarsu ta leƙo.

"Baba Gado, burkutu ake yi? A sam mana!"

Gado yana ta istigfari, yana matsa kowane bushon da filaya yana cusawa. Ya aske su da reza, ya goge a kan siminti har suka yi daidai, ya mayar da faifai, ya ɗaure notuna bi da bi, ya zuba sabon mai. Sabulu guda ya ƙarar a hannunsa.

Juma'a da hantsi Tanimu ya iso da amalanke. Saudatu na tsaye a ƙofa da tukunyarta, ta sunsuna, ta sake sunsunawa.

"Malam, mi ka dahwa a nan?"

Gado ya hau babur. Bugu na uku inji ya kama, kaji suka watse. Ya matse kuloci, ya sa giya, ya saki a hankali, babur ya fita zaure lafiya lau, ya miƙe hanyar Jiratawa. Kafin azahar ya dawo da damin albasa a baya, don kada wani ya ce a kwanar unguwa ya tsaya, bai kai Jiratawa ba. Ya tarar Maijidda ta riga ta ba da labari kaf, tukunyar kuma tana cikin amalanken Tanimu.

"Narka ta," in ji Saudatu, "ko kare ba ni ba miya a cikinta."

Babur ya tsira, har yau yana nan. Sai dai zauren ya zama na ƙuli-ƙuli, babur a waje yake kwana. In Gado ya je masallaci kuwa, layi biyu nesa da masallacin yake ajiye babur saboda bushon giyar da ke cikinsa, kuma hannun hagun nan da ke matsa kuloci sai ya wanke shi da sabulu kafin ya fara alwala.